Kuɗin Idon Goggo Delu

Da hantsi mota ta sauke ni a Zuba, daga ni sai ƙunshin kayana da naira dubu ashirin da na ɗaure a ƙugu. Abin da ya fara tarbata ƙamshi ne da wari a cakuɗe: abarba, lemo, kankana, ayaba, da ruɓaɓɓunsu da aka tara a gefe ƙudaje na shagali a kai. A garinmu, can yankin Funtuwa, in mutum ya sayo abarba ɗaya sai an yanka wa maƙwabta. Nan kuwa na ga ana jefo ta daga kan tirela hannu zuwa hannu kamar bulo. Na daɗe a tsaye baki buɗe, har wani mai baro ya ce in matsa ko ya kwashe ni da kayan.

Bari in faɗi abin da ya kawo ni tun yanzu, kada a ɗauka buɗe ido na zo. Bashi ne ya koro ni. Maigidana Malam Iro ya yi jinyar wata bakwai kafin Allah ya karɓi abinsa. A cikin jinyar na ci hatsin Sabo mai shago na dubu arba'in da biyar. Wannan kowa ya sani, don Sabo ba ya bin bashi a ɓoye. Wanda ba a sani ba shi ne na Goggo Delu, ƙanwar mahaifina. Yanar ido ce ta rufe mata gani, likita ya ce sai an yi aiki. Ta sayar da ragunanta biyu da akuya, ta haɗa dubu tamanin, ta kawo mini ajiya, don ta san in kuɗin suka kwana a ɗakinta 'ya'yanta maza za su lallaɓe su. Ta ce in riƙe zuwa bayan kaka, sai in raka ta asibiti. Kafin kaka na kai kuɗin nan kantin magani, kaɗan-kaɗan, kullum ina ce wa raina gobe zan mayar. Ranar da na je na durƙusa na faɗa mata, sai kawai ta ce, "Allah ya jiƙan Iro." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Da na fita takaba na kai ƙananan yarana biyu wajen babbar 'yata Binta, na sayar da gadona, na kamo hanya.

Wata mai abinci a bakin kasuwar ta ce mini mata irina tire suke samu, su sari kayan marmari su zauna bakin titi. Na shiga cikin kasuwa ina neman ayaba. Wani dillali mai jar hula ya tare ni.

"Hajiya, me za a ba ki?"

Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba sai ranar, ga shi an kai ni Makka kyauta. Ya nuna mini tsibi biyu, ɗaya ɗanya kore shar, ɗaya nunanniya rawaya gwanin sha'awa. Na tambayi kuɗi, sai na ji ɗanyar ta fi tsada. Na sake tambaya, ko ban ji daidai ba. Ya maimaita. A raina na ce ashe mutanen Abuja ba su da wayo, ɗanye ya fi nunanne kuɗi? Na zube dubu goma sha biyu na kwashe nunanniyar, ina sauri kada ya farga.

Ranar farko na sayar da kashi ɗaya cikin uku. Washegari ta fara ɗige-ɗige. Rana ta uku ta yi baƙi ƙirin, ko akuya sai ta yi shawara. Na ɗauko nono ɗaya na koma na ajiye masa a gaba.

"Malam, ka cuce ni."

"Na ce miki ɗanya ce?"

"Ba ka ce ba."

"Na rufe miki ido?"

"To me ya hana ka faɗa mini kwana ɗaya gare ta?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Hajiya, ko makaranta ai biya ake yi. Ke ma kin biya."

Na wanke shi tas, har masu sauke kaya suka tsaya kallo. Amma zagi ba ya dawo da kuɗi. Sai na samu gindin wata rumfa na zauna kwana uku, ba na komai sai kallon yadda masu tire suke sari. Ashe ɗanya suke saya, su rufe ta da buhu a ɗaki, kullum su fito da wadda ta nuna kawai. Wanda ya sayi nunanniya sai ya sayar yau, ko nawa aka taya. Ni na shigo da wayon mai ci cikin masu sayarwa.

Sauran jarin ya tafi a ci da haya. Na koma wanke-wanke wajen mai abincin nan, muna kwana mu biyar a wani ɗakin langa-langa. A ɗakin nan akwai Banufiya, akwai 'yar Tibi, akwai wata daga Kogi da ba ta jin Hausa sai "sannu" da "nawa". Kowa da abin da ya koro ta, ba mai tambayar wata. Abin da na fi kewa, abin dariya, ƙarar daka ce. A garinmu tun asuba za ka ji turame suna amsa wa juna gida-gida. A Zuba sai hon na tirela. Wata rana na ji wata tana dakan sakwara a bayan kasuwa, na tsaya da kwanuka a hannu ina share hawaye kamar wadda aka yi wa mutuwa.

'Yar Tibin ce ta ce mini a Kado, kasuwar kifi, ana neman hannu. Ta haɗa ni da wata Mama Rifkatu, mutuniyar Filato, doguwa, mai murya kamar ta maza. Tana da tebur biyu, na tarwaɗa da na karfasa, mijinta masinja ne a wata ma'aikata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka iya wuƙa?"

Ita kowa "ka" ne a wajenta, mace da namiji. Na ce na yi shekara talatin ina gyaran kaji. Ta ce kaza ba ta mari. Ban gane ba sai da tarwaɗar farko ta yi mini bulala da wutsiya a fuska, duk rumfar aka kwashe da dariya.

Aikin shi ne in mai saye ya zaɓi kifinsa, ni in kashe, in kankare ɓawo, in cire kayan ciki, in yayyanka in ƙulle a leda. Mama Rifkatu tana ba ni na yini, mai saye ma in yana da kirki ya miƙo wani abu. Nan na ga irin mutanen Abuja. Wata za ta fito daga motar da ta fi ɗakina girma, ta yi rabin awa tana ciniki a kan ɗari biyu. Wani oga zai sayi giwan ruwa guda, ya ce kan a ba kare. Kan nan ni nake kai shi gida in yi miya kwana biyu, Allah ya ba karen haƙuri. Na lura kuma masu ƙananan albashi, masu gadi da masu shara, su suka fi cewa, "Mama, riƙe canjin."

Kuɗi suka fara shigowa, fiye da abin da na taɓa riƙewa a garinmu. Amma wata huɗu ina Kado, in na kwance bakin zanena ba na samun komai. Na fara zargin ko ana yi mini sata a ɗaki, har na yi wa wata baiwar Allah kallon banza kwana biyu. Da abin ya ishe ni na faɗa wa Mama Rifkatu. Na faɗa mata har da na Goggo, ita ce mutum ta farko da ta ji daga bakina. Wataƙila don ba ta san kowa a garinmu ba.

Ta ce, "Ka rubuta abin da yake fita."

Na ce ban iya ba. Ba a sa ni boko ba, allo ma ban yi nisa ba.

Washegari ta zo da gwangwanayen tumatir da ta wanke da leda cike da marafen kwalba. Ta ce kowane marfi ɗari biyar ne. Gwangwani ɗaya na ci, ɗaya na haya, ɗaya na mota, ɗaya na yara, ɗaya na Sabo. Duk kuɗin da ya fita daga hannuna in jefa marfinsa inda ya tafi. In wani abu ya fita da ba shi da gwangwani, in samo masa nasa. Kafin sati ya zagayo na ƙara ɗaya, na biki.

Bayan wata biyu cif muka juye su a kan tebur da yamma, kasuwa ta lafa. Na ci ɗan tsibi ne, don ni ba mai ci ba ce. Na Sabo ya ɗan tasa, saboda duk ranar da ya kira ya yi mini ihu sai in kai wa direban garinmu da ke lodi a Zuba abin da ke hannuna. Na biki kuwa gwangwani bai ɗauke shi ba, sai da na ƙara da leda.

Mama Rifkatu ta sa yatsa a tsibin. "Wannan mene ne?"

Na yi mata bayani. A wajenmu in kina da suna ko aure, ƙawarki za ta kawo miki kuɗi, shi ne biki. Ranar da nata ya tashi, ba abin da ta kawo za ki mayar ba, ninkawa za ki yi. Ita ma in naki ya sake zagayowa ta ninka. Ina da ƙawayen biki shida, kuma a cikin mata shida ba a rasa mai haihuwar jika ko mai aurar da ɗa.

"Bashi ne ko kyauta ne?"

"Zumunci ne."

"In ba ka bayar ba fa?"

"Sai a yi da ni a gari."

"To bashi ne. Kuma ya ba ka biyar, ka ba shi goma? Hajara, ko banki ba ya yin haka. Ba ku ne kuke cewa kuɗin ruwa haram ba?"

Gaskiya a da in bikin ya yi nauyi, ƙawaye kan zauna su sauke shi ƙasa a sake farawa. Amma wa zai sauke wa matar da take Abuja? Sunan garin kaɗai ya ƙara mini kuɗi. Ni ma kuma, kada in ɗora wa kowa, ina jin daɗin a ce Hajara ta aiko.

Sai ta ƙirga gwangwanayen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta dube ni.

"Na tsohuwa mai ido yana ina?"

Babu. Wata tara da barina gida saboda Goggo, ko gwangwani ban ajiye mata ba. Wanda ya yi ihu na biya, wadda za ta yi da ni na biya, wadda ta rufa mini asiri na bar ta a duhu. Na tattara marafen nan na mayar cikin leda.

Ba a yi sati biyu ba Asabe ta kira. Ita ce babbar ƙawata, tun muna 'yan mata muke tare, bikinmu da naira ɗari biyar ya fara.

"Ƙawata, auren Sani ya tsaya bayan salla. Na san ba sai na tuna miki ba."

"Ina sane. Dubu sha biyar kika kawo mini sunan jikata."

"Ashe kina riƙe."

"Sha biyar zan aiko."

Can ta ce, "Layin ne ba kyau ko kunnena ne?"

"Kunnenki lafiya lau. Abin da kika kawo zan mayar miki, ko kwabo ba zan rage ba. Daga nan kuma na sauka. In kina da sha'ani zan zo in yi miki aiki da hannuna, amma ninki na daina."

"Hajara, ke da kike Abuja?"

"Abujar da nake, hanjin kifi nake kwasa. In shi kike so in ninka miki, akwai shi bokiti-bokiti."

"Lallai. An ce kina zama da waɗanda ba su san zumunci ba, ban yarda ba sai yau."

"Wadda nake zama da ita ba ta taɓa cin kwabona ba."

Ta kashe wayar. Sauran biyar ɗin ban ma sha wahalar kiransu ba, kafin la'asar labari ya zaga gari. Binta ta kira tana kuka, wai a gidan suna an ce uwarta ta je birni ta koyo rowa. Na ce ta ce musu e, kuma da tsada na koyo ta. Na yi ƙarfin hali a waya, amma ranar ban iya cin abinci ba. Ƙawancen shekara talatin ba wasa ba ne.

Shi ma Sabo na kira shi da kaina, abin da bai taɓa gani ba. Na ce dubu biyar duk ƙarshen wata, ba fashi, ta hannun direba. In ya kira kafin wata ya ƙare, katinsa ya ƙona a banza. Ya yi ta faɗa, ya kawo aya ya kawo hadisi. Na bar shi ya gama na ce, "Malam Sabo, biyar tabbas ko ihu ba tabbas?" Ya ce Allah ya kai mu ƙarshen watan.

Saura inda zan ajiye na Goggo. Na san halina, kuɗin da hannuna zai iya kaiwa gare su ba ajiyayyu ba ne, ai an gwada an gani. Wata Lahadi bayan ta taso daga coci, Mama Rifkatu za ta je Ushafa sayen tukwanen farfesu, ta ce in raka ta. Garin yana gindin duwatsu a hanyar Bwari, garin magina tukwane. Mu Gwari muke ce musu, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma sun fi son a ce haka. Tun a hanya na ga abin mamaki: matansu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, itace ne ko tulu. Na kasa haƙuri na tambayi tsohuwar da muka je wajenta. Tana murza yumɓu ba ta ko ɗago ba ta ce, da irin Hausar Mama Rifkatu, "Kai ya riga ya ɗauki tunani. Za ka ƙara masa itace?"

Na zauna ina kallon hannunta. Ba ta auna komai, tana zagaya tukunyar da baya-baya tana ɗora yumɓu, sai ga ciki ya fito, sai ga wuya. A gefe na hango asusu jere, ƙanana, irin na yara. Na ce ina son babba. Ta ce na salla ne? Mama Rifkatu ta yi mata magana a taƙaice, ta ce na idon wata tsohuwa ne. Maginiyar ta ajiye yumɓun, ta shiga ɗaki ta fito da wani mai girman tulun yara, bakinsa ɗan tsagi siriri.

"Ka taɓa sa tsinke ka jawo kuɗi daga asusu?"

Na ce na taɓa.

"Na gani a fuskarka. Wannan na yi masa leɓe ta ciki. Tsinke zai shiga, kuɗi ba zai fito ba." Ta ce kuma in riƙa naɗe takardun a 'yar leda kafin in tura, don damina tana sa yumɓu ya yi gumi, kuɗi su yi funfuna. Da na zo biya ta karɓi rabi. Ta ce ita ma idonta na hagu ya fara hazo.

Daga ranar na juya tsarin. Da, sai na ci na biya kowa sannan in duba ko akwai saura, kuma ba a taɓa samun saura ba. Yanzu da kuɗin yini sun shigo hannuna, na Goggo nake fara cirewa, ɗari uku, ranar Asabar da kasuwa ke cika ɗari biyar ko dubu. Abin da ya rage shi zai san yadda zai yi da ni. Na daina hawa keke mai ƙafa uku daga bakin titi zuwa ɗaki, na koma takawa. Na daina sayen ruwan leda, ina tafasa na famfo in cika gora. Shayin safe ya koma koko. Mama Rifkatu ta sa na ƙara gwangwani ɗaya na ba-zata, ɗari-ɗari, don ta ce ciwo ba ya sallama. Duk da haka sau ɗaya na ɗaga asusun nan sama zan rotsa shi, ranar da Binta ta ce an koro ƙaninta saboda kuɗin jarrabawa. Na daɗe riƙe da shi a sama. Na ajiye, na ɗauko atamfata ɗaya da ta rage mai kyau na kai wa dillaliya.

A cikin watannin nan ne na shiga ajin manya da ake yi da yamma a wata firamare kusa da mu, don marafen kwalba sun fara yi mini kaɗan. Lambobi na fara koya kafin baƙaƙe. Malamar ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta ƙagu da lissafi irina ba. Na ce da ta san abin da rashinsa ya ci mini, da ba ta yi mamaki ba.

Na gama da Sabo a wata na bakwai. A wata na goma sha ɗaya asusu ya ƙi karɓar kuɗi, ya cika. Muka shimfiɗa zane a bayan rumfa, Mama Rifkatu ta miƙo mini taɓaryar da muke kashe tarwaɗa da ita. Duka ɗaya. Muka zauna muna warware ledoji, na ƙirga da kaina sau biyu, na rubuta da hannuna: dubu tamanin da uku da ɗari biyar. Ta rungume ni, duk muna ƙarnin kifi.

Na isa gida ranar Laraba. Na haɗu da Asabe a bakin rijiya, na gaishe ta, ta amsa wa bokitinta. Na wuce gidan Goggo. Tana zaune a ƙofar ɗaki, fuskarta tana kallon inda rana take. Na yi sallama, ta juyo da kunne, ba da ido ba.

"Hajara ce? Matso in taɓa ki."

Na zuba mata kuɗin a cinya. Ta shafa su ta ce, "Ni ai na yafe tun tuni." Na ce ni ban yafe ba, ta shirya gobe za mu birni.

A asibitin ido likita ya duba ya ce na dama zai gyaru in an yi da wuri, yanar ta yi kauri. Na je tagar biya da ƙarfina. Akawun ya duba takarda ya ce dubu ɗari da talatin.

Na ce, "Tamanin dai."

"Mama, tamanin yaushe? Wannan tsohon farashi ne. Komai ya tashi."

Goggo tana bayana riƙe da gefen mayafina, ta ji komai. Ta ja ni ta ce, "Mu tafi gida. Abin da na ba ki kin mayar, har da ɗoriya. Sauran na Allah ne."

A kan bencin asibitin na zauna ina juya abin. Akwai wani dattijo kusa da mu da carbi, ya ji zancen, ya ce a shari'a abin da na karɓa shi zan mayar, ba ni da sauran nauyi. Na gode masa. Amma ni na san raguna biyu da akuya Goggo ta sayar, kuma yau kuɗin da ke cinyarta da kyar su sayi rago ɗaya. Da ban taɓa ajiyarta ba, da tuni tana gani shekara biyu. Ba takardu na ci mata ba, ido na ci.

Sai Goggo ta lalubo hannuna ta danƙa mini ƙunshin kuɗin. "Ungo, riƙe mini. In na kai su gida yaran nan za su ji ƙamshinsu."

Na ce, "Goggo, kura kike sake ba wa ajiyar nama?"

"Kurar da ta dawo da nama ai ta fi kare."

Ban karɓa ba. Na ja ta muka koma tagar. Na ce wa akawun zan ajiye tamanin yanzu, ya rubuta mini saura hamsin, ya rubuta kuma ba za a ƙara ba. Ya ce ba a yin haka. Na ce ya kira wanda ake yi a wajensa. Na tsaya a tagar nan layi ya taru a bayana, ana ta tsaki, ban gusa ba, har wata babbar ma'aikaciya ta fito. Ta saurare ni, ta dubi Goggo, ta ce an ba ni wata biyar. Aka rubuta aka buga hatimi. Na karanta rasit ɗin da kaina, a hankali, ina bin sa da yatsa, akawun yana ta hura hanci. Sai da na ga hamsin ɗin da idona na matsa.

Na koma Kado. Waɗannan watannin sun fi na baya wuya, don yanzu akwai ranar da aka yanka mini, ga kuma maganar likita cewa yanar tana ƙara kauri. Na ƙara da wankin rumfuna bayan an tashi kasuwa. Kuɗin da da Sabo yake karɓa suka koma wajen Goggo. Mama Rifkatu ta riƙa tura mini manyan masu saye, tana ce musu, "Ba wannan, hannunsa yana da tsabta." A wata huɗu da sati ɗaya na haɗa.

Aka yi aikin ranar Talata da safe. Washegari nas ta zaunar da Goggo a kujera ta fara ɓare filasta. Ni ina tsaye a gabanta. Aka cire audugar. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba, ta dubi taga, ta dubi hannunta, ta juya shi gaba da baya. Sannan ta ɗago ta tsura mini ido, ta daɗe.

"Wace ce wannan baƙar tsohuwar?"

"Ni ce, Goggo."

"Ikon Allah. Ni wadda na ba wa ajiya mai kumatu ce." Ta kama hannuna ta kai shi kusa da idon, tana bin tabon wuƙa da na ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Can ta rufe idon da aka gyara da tafin hannu, ta buɗe, ta sake rufewa, kamar mai gwada sabon takalmi.

"To, Hajara, shi na hagun nawa suka ce?"

Na ce, "Goggo, ido ɗaya na ci, ido ɗaya na biya. Na hagun, ga 'ya'yanki can maza uku, yanzu kina ganinsu sarai."

Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, nas ta zo da gudu tana faɗa, wai a daina ba ta dariya kada aikin ya lalace.